Gari Mai Ƙofa Ɗaya: Yadda Somaliyawa Suka Bar Manyan Birane Suka Koma Fort Morgan

Wanda ya fita daga birnin Denver na Amurka ya nufi arewa maso gabas a kan babbar hanya mai lamba 76, zai ga duwatsun Rocky suna ta ƙanƙancewa a madubin motarsa har su ɓace. Daga nan sai sarari. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ciyawa gajera, babu bishiya sai a bakin kogi, sama kuma ta yi faɗin da ido ba ya iya karewa. Bayan tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, hanci ne ke fara sanar da matafiyi cewa ya iso Fort Morgan: warin kashin shanu daga wuraren turka, da wani tururi mai ɗan zaƙi daga masana'antar sukari idan lokacin aikinta ne. Mutanen irin waɗannan garuruwa suna da amsa guda ga baƙon da ya toshe hanci, sukan ce masa ai warin kuɗi ne.

Garin yana jihar Colorado, a yankin da Amurkawa ke kira filayen kan tudu, wato ɓangaren yamma na babban sararin tsakiyar ƙasar, wanda ke hawa sannu a hankali har ya tokare da gindin duwatsu. Ido na ganin fili, amma wurin ya ɗara mita 1,300 sama da teku, ya ɗan fi Jos tsawo. Ruwan sama a shekara bai cika wuce milimita 350 ba. A ƙidayar 2020 mutanen garin 11,597 ne. A nan ne, tun daga wajen 2005, ɗaruruwan 'yan Somaliya suka riƙa saukowa, wasu daga Minneapolis, wasu daga Denver da sauran manyan birane, har aka ƙiyasta sun kai kimanin dubu ɗaya. Wannan rubutu kan tashin nasu ne: abin da ya taso su, abin da suka samu, da abin da ya faru a Disamban 2015 da ya fito da farashin ƙaurar fili.

Yadda mayanka ta bar birni

Kafin mutane su bar birni, aikin ne ya fara barinsa. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, cibiyar nama a Amurka ita ce Chicago, inda aka buɗe babbar karar dabbobi a 1865. Jirgin ƙasa ke kwaso shanu da ransu daga karkara, a yanka a birni, a aika da ɓarin sa guda ga mahauta su sassara a shagunansu. Wani kamfani mai suna IBP, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1960, shi ya juya lissafin. Ya ce me zai sa a yi ta jigilar ƙashi da kitse da ƙaho? A gina mayanka kusa da inda ake turka shanun, a yanka, a sassara, a rufe tsokar cikin leda, a zuba a kwali, sannan a loda wa mota. Daga 1967 ya fara wannan a Dakota City ta jihar Nebraska, sauran kamfanoni suka bi sahu, karar Chicago kuwa aka rufe ta a 1971.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. A birni ƙungiyoyin ƙwadago suna da ƙarfi, gwanin mahauci kuma yana da tsada. Da aka kakkarya aikin ya zama kowa yanka guda yake maimaitawa daga safe har yamma, sai ya zama ba a buƙatar gwani, ana buƙatar mai juriya ne kawai. A yau kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turka a ƙasar, kuma da yawa daga manyan mayankansu suna ƙananan garuruwan wannan sarari ne: Dodge City da Liberal da Holcomb a Kansas, Cactus a Texas. Ta Fort Morgan mallakar Cargill ce. Tana da ma'aikata wajen 2,100, tana yanka shanu sama da dubu huɗu a rana.

Gari mai mutum dubu goma sha ɗaya ba zai iya cike gurbin aiki dubu biyu da 'ya'yansa ba, balle aikin da mutane ke bari da zarar hannu ya fara ciwo. Dole a nemo baƙi. Wannan kuma ba sabon abu ba ne a Fort Morgan. An kafa garin a 1884, aka buɗe masana'antar sukari a 1906, kuma waɗanda suka durƙusa a gonakin saiwar da ake tatsar sukarin daga cikinta Jamusawa ne da suka taso daga Rasha, bayansu 'yan Meziko. Yau kusan rabin garin masu asali da ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ne. Jikokin baƙin jiya su ne 'yan garin yau, ko da yake ba kowa ke son a tuna masa ba.

Abin da ya buɗe wa Somaliyawa ƙofa sosai ya faru ne ranar 12 ga Disamba, 2006. Jami'an shige da fice suka kai samame mayankan kamfanin Swift guda shida a rana ɗaya, suka kama kusan mutum 1,300 bisa zargin aiki da takardun bogi. Ɗaya daga cikin mayankan tana Greeley, tafiyar awa guda yamma da Fort Morgan. Ba a shiga ta Cargill ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk masana'antar ta koma neman ma'aikacin da takardarsa ba ta da tangarɗa. Ɗan gudun hijirar da gwamnatin Amurka ta shigo da shi da kanta yana da izinin aiki tun ranar da ya sauka daga jirgi.

Lissafin mai tashi

Gwamnatin Siad Barre a Somaliya ta faɗi a Janairun 1991, yaƙin basasa ya watsa jama'a, dubban ɗaruruwa suka tare a sansanonin Dadaab da Kakuma a Kenya, wasu har shekara goma ko fiye. Wanda rabonsa ya tsaga aka kai shi Amurka, ba shi ke zaɓen gari ba. Ƙungiyar da ta karɓe shi za ta kama masa gida, ta kula da shi kwana casa'in na farko. Tallafin kuɗi na gwamnati a wancan lokacin wata takwas ne. Kuɗin jirgin da ya kawo shi ma bashi ne, ya sa hannu zai biya. Ga waya kuma ba ta daina ringin daga Nairobi da Mogadishu, don duk wanda ya tsallake ana ganin ya zama rumbun dangi.

Da yawa sukan fara tattara kayansu su nufi Minnesota, inda Somaliyawa suka fi yawa a duk Amurka. Unguwar Cedar-Riverside a Minneapolis zango ce cikakkiya: masallatai, kasuwannin tufafi, wuraren shan shayi, likita da lauya masu jin yarenka, motar haya ta gwamnati har ƙofar gida. Daga wannan birni aka zaɓi Keith Ellison a 2006, Musulmi na farko a majalisar dokokin tarayya, daga baya Ilhan Omar ta gaje kujerar a zaɓen 2018. Mutum zai iya shekara a can bai buƙaci Turanci ba, sai fa ranar neman aiki. A nan gizo ke saƙar. Aikin da marar Turanci zai samu a birni, shara ne a ofisoshi da dare, ko gadin wurin ajiye motoci, ko ɗaukar kaya, yawanci na 'yan awoyi, wannan mako akwai, mako mai zuwa babu. Ga 'yan'uwa dubbai suna layi a kan aikin guda.

Sai wani ɗan kawu ya bugo waya daga Colorado ya ce ana ɗauka. A 2015 albashin farawa a mayankar Fort Morgan wajen dala 14 ne a awa, alhali mafi ƙarancin albashi a jihar Colorado dala 8.23 ne, a Minnesota kuma dala 9 daga Agustan shekarar. Awa arba'in a mako ta ba da dala 560 kafin haraji, ban da ƙarin lokaci, ga inshorar lafiya. Ba a tambayar takardar makaranta. Naman shanu ne, ba alade ba, wannan kuma babban sharaɗi ne ga Musulmi. Samari huɗu ko biyar su haɗa kuɗin haya, su haɗa tukunya, su shiga mota guda zuwa aiki, abin da ya rage a zuba adashi, wanda su ke kira hagbad ko ayuuto, sauran a kai shagon hawala a aika gida. Tsakanin Minneapolis da Fort Morgan kilomita 1,300 da ɗoriya ce, wuni guda a mota. Wanda ya taka da ƙafa daga Kismayo zuwa iyakar Kenya ba zai ji tsoron wannan ba.

A ganina, duk mai hankalin da ke cikin halinsu abin da zai yi ke nan. Ci-rani ne irin wanda muka sani, sai dai juye da shi: maimakon ɗan ƙauye ya tafi birni, ɗan birni ne ya tafi ƙauye, don can aikin yake. Kuma kamar kowane ci-rani, maza marasa iyali suka fara zuwa, sai da ƙafa ta kafu sannan mata da yara suka biyo.

Abin da aka tarar

Sanyi bai ba wanda ya zauna Minnesota mamaki ba, can ma ya fi. Iska ce sabuwa. Babu dutse babu daji da zai tare ta, tana kaɗawa wuni guda, da hunturu kuma takan kwaso dusar ƙanƙara ta rufe hanya har hukuma ta hana motoci wucewa. Da bazara zafi kan haura digiri 35, hadari ya taso da yamma ya zubo ƙanƙarar da ke fasa gilashin mota. Busasshiyar iska ga tsayin wuri, leɓe ya tsage, hanci ya haɓo, kamar tsakiyar hunturun da ba ya ƙarewa.

Babbar wahala ita ce gida. Ana ɗauka ƙaramin gari arha ne, kuma haka ne idan ka samu. Amma garin da ba a gina sababbin gidajen haya da yawa ba, baƙi ɗari biyu kawai sun isa su cinye duk ɗakin da ke akwai. Wasu suka cunkushe, wasu suka zauna Greeley ko ma Denver suna zuwa kullum, awa ɗaya ko fiye a kan hanya bayan an tashi aiki tsakar dare. Marar mota kuwa a irin wannan gari kamar gurgu yake, ba irin birni ba ne da bas ke wucewa kowane minti goma.

Sauran abubuwan rayuwa da kansu suka gina, a gurguje. Aka kama hayar wuri aka mai da shi masallaci. Aka buɗe 'yan shagunan da ke sayar da naman halal da shinkafa da kayan ƙamshi da katin waya. Makarantun gari suka samu kansu da yara masu harsuna barkatai. Wata ƙungiyar gari mai suna OneMorgan County ta riƙa ƙoƙarin haɗa baƙi da 'yan gari, kwalejin garin tana koyar da Turanci. Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar babban asibiti ko ofishin shige da fice ko sayayyar Sallah, sai a nufi Denver da Aurora, inda 'yan gabashin Afirka suke da yawa. Bambanci guda da birni shi ne a nan ba a ɓuya. A Minneapolis mace mai dogon hijabi ɗaya ce cikin dubbai. A babban titin Fort Morgan kowa ya gan ta, kuma abin da ɗan Somaliya guda ya yi, mai kyau ko marar kyau, a kan dukansu ake rubuta shi.

Aikin kansa sai wanda ya yi. Mayanka kashi biyu ce: ɓangaren yanka da fiɗa, mai zafi da jini, da ɓangaren sassara, mai sanyi kamar cikin firji. A na biyun mutane ke jere kafaɗa da kafaɗa, hannu ɗaya ƙugiya ɗaya wuƙa, sanye da safar hannu da bante na sarƙar ƙarfe, nama yana zuwa a kan bel ba tsayawa. Kowa yankansa guda, sau dubbai a rana. Idan mutum ɗaya ya bar gurbinsa ba a samu mai riƙe masa ba, naman da ya kamata ya taɓa ya wuce, na gaba da shi ya ɗauki nauyi. Ko fitsari sai an nemi izini. Duk rigimar da ta biyo baya daga wannan bel ɗin ta fito.

Magariba ba ta bin agogo

Mu da muke kusa da tsakiyar duniya ba mu cika lura da wannan ba. A Kano, tazarar da ke tsakanin magaribar da ta fi saurin yi da wadda ta fi jinkiri a duk shekara ba ta cika awa ɗaya ba. Fort Morgan tana kan digiri 40 arewa. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a ƙarshen Yuni kuwa sai wajen takwas da rabi na dare, idan aka haɗa da awa ɗayan da suke ƙara wa agogo da bazara. Awa huɗu cur ke nan magariba ke yawo. Hutun masana'anta kuwa a kan agogo yake, an rubuta shi cikin yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago, kuma na kowa da kowa ne.

Masu aikin safe da sauƙi, azahar tana da faɗi, takan dace da hutun cin abinci. Masu aikin yamma, waɗanda ke shiga bayan azahar su fito cikin dare, su ke cikin matsi, don magariba ce mafi ƙurewar lokaci cikin salloli biyar. Sabon ma'aikaci kuma yawanci aikin yamma ake ba shi, sabon kuwa shi ne baƙo. Abin da ake nema minti biyar zuwa goma ne. Amma idan mutum ɗari biyu ne ke neman waɗannan mintoci cikin taga guda, a kan layin da ba ya tsayawa, ya zama lissafin da sai an zauna an tsara.

An riga an ga misali a maƙwabta. A azumin 2008, wanda ya faɗo a Satumba, Musulmin mayankar Greeley, wadda a lokacin ta koma hannun JBS, suka nemi a matsar da hutu ya dace da shan ruwa. Aka fara amincewa, sauran ma'aikata suka yi bore cewa an fifita wasu, aka janye, Musulmi suka fita, aka kori wajen mutum ɗari. Cargill ta ga haka. Tun 2009 ta ware wurin ibada a mayankarta ta Fort Morgan, aka saba da tsarin mutum ɗaya ko biyu ko uku su fita su yi salla su dawo, wasu su tafi. Shekara shida ana haka. Rauninsa guda ne: ba haƙƙi ba ne rubutacce mai lokaci, alfarma ce da ke hannun shugaban layi, ranar da hannu ya yi ƙaranci ko ransa ya ɓaci sai ya ce yau babu.

Disamba 2015

Ranar Juma'a 18 ga wata, a aikin yamma na ɓangaren sassara, magana ta rabu biyu, kuma har yau a rabe take. Kamfanin ya ce ma'aikata goma sha ɗaya ne suka nemi fita salla lokaci guda, aka ce su tafi kaɗan-kaɗan don kada layi ya tsaya, suka yi sallarsu, amma da aka tashi goma daga cikinsu suka ajiye aiki. Ya ce bai taɓa hana salla ba, tsarinsa kuma bai sauya ba. Ma'aikatan suka ce ba haka aka yi ba, an faɗa musu ne cewa mai son salla ya tafi gida, kuma ba ranar aka fara ba.

A tuna da yanayin ƙasar a makonnin. An kai harin Paris ranar 13 ga Nuwamba, na San Bernardino ranar 2 ga Disamba, ranar 7 ga wata kuma Donald Trump, yana ɗan takara, ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofar shiga Amurka. Ba na cewa wannan ne ya sa wani shugaban layi ya faɗi abin da ya faɗa. Amma kunnen da ya kwana yana jin haka a talabijin, ba zai ji "ku dakata" a matsayin "ku dakata" kawai ba.

Labari ya zaga gari cikin kwana biyu, garin da Somaliyawansa masallacinsu da shagunansu ba su da yawa. Ranar Litinin wajen mutum ɗari biyu ba su je aiki ba. Dokar kamfanin ta ce wanda ya yi kwana uku a jere bai zo ba bai kuma bugo waya ba, ya kori kansa. Kafin Kirsimeti aka sallami kimanin 150. A lokacin Somaliyawan da ke mayankar wajen 600 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu suka rasa aiki a mako guda. Wasu daga cikinsu sun shekara goma a wurin.

A nan ƙaramin gari ya nuna haƙoransa. Da a Minneapolis ne, wanda aka kora yau gobe yana tuƙin tasi, ko yana wani sito, ko yana tsaron shagon ɗan'uwansa kafin ya samu wani abu. A Fort Morgan akwai masana'antar sukari, akwai ta cuku mallakar Leprino, akwai gonakin madara da wuraren turka, amma babu mai iya haɗiye mutum 150 marasa Turanci a tsakiyar hunturu. Dokar kamfanin a lokacin ta ce korarre sai ya jira kwana 180 kafin ya sake neman aiki. A Janairun 2016 aka rage zuwa kwana 30, amma haya ba ta jira, dangin da ke Dadaab ma ba sa jira. Mai shagon halal da mai gidan abinci su ma a kan albashin Cargill suke, ko da ba su taɓa riƙe wuƙa ba. Da yawa suka ɗaure kaya suka bar garin, wasu suka koma biranen da suka baro, wasu suka nufi wata mayankar a wata jihar. Wayar da ta kawo su ita ta fitar da su.

Abu guda da ya fi ba ni mamaki shi ne inda taimako ya fito. Ma'aikatan suna biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, reshe na 455, amma suka ce ba ta tsaya musu ba. Waɗanda suka zo suka yi magana da yawunsu su ne ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta CAIR, har da shugaban reshenta na Minnesota, Jaylani Hussein, da wani ofishin lauyoyi na Denver. Wato ranar da ta ɓaci, birnin da aka baro shi ya aiko da baki da lauya. Shekara goma a ƙaramin gari ta isa a gina masallaci da shago, amma ba ta kai a samu kansila ko ɗan kwamitin ƙungiyar ƙwadago da zai kashe wutar tun tana ƙarama ba.

Shari'a da abin da ta biya

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, da gyaran da aka yi mata a 1972, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci kan addininsa, sai idan hakan zai jawo masa wahala mai yawa. To amma a 1977, a shari'ar kamfanin jiragen sama na TWA da wani ma'aikacinsa mai suna Hardison, Kotun Ƙoli ta fassara wahalar da cewa duk abin da ya wuce ɗan ƙanƙanin asara ya isa hujja. Da wannan ma'auni, tsayar da layin nama na minti goma hujja ce mai ƙarfi a hannun kamfani. Haka doka take a 2015.

Duk da haka hukumar ƙwadago ta jihar Colorado ta yanke a 2016 cewa korarrun sun cancanci tallafin marasa aiki. A 2017 hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, EEOC, ta ce ta ga dalilin gaskata cewa an nuna musu wariya, daga ɓangaren kamfani da kuma na ƙungiyar ƙwadagon. A Satumban 2018 aka yi sulhu: Cargill za ta biya dala miliyan ɗaya da rabi ga ma'aikata 138, ƙungiyar Teamsters kuma dala 153,000. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya ce ya biya ne don kauce wa doguwar shari'a, ya kuma yi alkawarin ci gaba da ba da damar salla da horar da shugabannin layi.

Miliyan ɗaya da rabi tana da daɗin faɗa. A raba ta daidai ga mutum 138, kowa bai kai dala 11,000 ba, ƙasa da albashin wata biyar a kan dala 14 a awa, kuma bayan jiran kusan shekara uku. Na Greeley sun fi su jira: an kore su a 2008, EEOC ta shigar da ƙara a 2010, sai a 2021 JBS ta amince ta biya har dala miliyan biyar da rabi ga mutum wajen 300. A Yunin 2023 ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Groff da DeJoy, ta ɗaga ma'aunin, ta ce sai kamfani ya nuna asara mai nauyi kafin ya ƙi. Wanda ya kai ƙarar Kirista ne, ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi, amma masu sallar magariba na cikin waɗanda hukuncin ya fi amfana.

Ban ga dalilin ɗora wa ɓangare guda duka laifin ba. Fita aiki ba tare da buga waya ba ya miƙa wa kamfani wuƙar da ya yanke su da ita, kuma ina zaton da yawa cikin ɗari biyun nan labari suka ji, ba da kunnensu suka ji an hana salla ba. Sai dai kamfanin da ya shekara goma yana cin moriyar mutanen da ya san suna salla, wanda kuma kalandar faɗuwar rana ta shekara mai zuwa tana hannun kowa, ba shi da uzurin barin maganar a bakin shugaban layi. Masana'antar da ta san nauyin kowace tsoka zuwa giram ba za ta gagara tsara masu riƙon gurbi na rabin awa ba.

Garin dai bai watse ba. Yawancin Somaliyawan mayankar ba su fita ba tun farko, wasu korarrun sun dawo, kuma baƙi daga wasu ƙasashen suna ta zuwa a kan lissafi iri ɗaya. Gundumomi da yawa a wannan sarari sun fi yawan mutane a 1930 fiye da yau, matasansu sun tafi birni, makarantunsu an haɗe su. Gundumar Morgan kuwa, inda garin yake, ta tashi daga mutum 28,159 a 2010 zuwa 29,111 a 2020. A shekarar annobar korona, lokacin da cutar ta shiga mayankan Greeley da Fort Morgan, fadar shugaban ƙasa ta ba da umarni ranar 28 ga Afrilu, 2020, cewa masana'antun nama su ci gaba da aiki, aka kira masu jere a kan bel ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. A 'yan shekarun nan kuma Cargill ta shiga gina gidajen ma'aikata a cikin garin, don rage masu zuwa daga nesa. Wanda ya samu ɗaki a ciki ya huta da tuƙin dare a kan ƙanƙara, sai dai yanzu albashinsa da rufin kansa duka a ƙofar kamfani guda suke.